Babi na Biyar: Wa Zai Karanta Ɗanyen Rubutu?

Karatun digiri na biyu ko na uku a jami'o'inmu zango biyu ne, kuma ba su yi kama da juna ba. Zangon farko na aji ne. Akwai jadawali, akwai lacca, akwai jarrabawa, akwai abokan karatu da za su buga maka waya in kwana biyu ba su gan ka ba. Da an kafe sakamako, an amince da take, an haɗa kowa da malamin da zai duba aikinsa, sai zango na biyu ya soma, taro kuma ya watse. Malamin sakandare ya koma makarantarsa a Funtuwa, ma'aikaciyar jinya ta koma bakin aikinta a Azare, kowa da fayil a jaka da alkawarin kawo babi na ɗaya zuwa na uku "nan da wata biyu, in Allah Ya yarda". A wannan zangon ne mutane ke zubewa. Ba a cika korar kowa ba. Shiru ne yake yin tsawo, wata biyun ya koma shekara, ɗalibi ya fara jin nauyin haɗuwa da malaminsa, har ya riƙa sauya hanya in ya hango motarsa a bakin sashe.

In ka tambayi waɗanda suka maƙale, dalilansu a bayyane suke: kuɗin makaranta, aikin ofis, hidimar iyali, sai yajin aiki. Duk gaskiya ne. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas, kuma wanda aikinsa ke hannun malami a lokacin ya san abin da hakan ya jawo masa. Amma akwai dalilin da ba kasafai ake furta shi ba, domin babba ba ya son a ji shi a bakinsa. Mutum ne mai digiri, wataƙila shi ma malami ne a wata kwaleji, ya buɗe kwamfuta bayan sallar isha'i, littattafai da maƙalu jibge a gefensa, ya rasa ta inda zai kama. Ko kuma ya kama, ya rubuta shafi arba'in, an dawo masa da su da jan biro an ce ya sake, shi kuma bai gane abin da zai sake ba.

Babu wanda ya taɓa koya masa. A shekarar farko ta digirin farko an ba shi darasin Ingilishi na gama-gari a ɗakin da ya cika ya batse. A digiri na biyu an ba shi darasin hanyoyin bincike, ya koyi yadda ake zaɓen samfur, da tsara takardar tambayoyi, da shigar da alƙaluma a SPSS. Yadda ake ɗaukar tunani a shimfiɗa shi a shafi ɗari biyu ta yadda wani zai bi ba tare da ya ɓace ba, wannan an bar shi ga Allah da supabaiza. Ana ɗauka cewa wanda ya iya bincike zai iya rubuta shi, kamar dai rubutun wani ɗan ƙaramin aiki ne da ake yi a ƙarshe bayan an gama ainihin aikin.

Supabaiza kuwa mutum ɗaya ne. Yana koyar da 'yan digirin farko, yana zaman kwamitoci, yana nasa binciken don ƙarin girma, ga ɗalibai a ƙarƙashinsa sun fi ƙarfin yatsun hannu. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Idan aka ajiye masa shafi tamanin a tebur, sa'a guda ce da shi, abin da sa'a guda za ta iya shi zai yi: ya gyara waƙafi, ya kewaye kalmar da aka rubuta ba daidai ba, ya ja layi a gefen sakin layin da bai gamsar da shi ba. Bayanin dalilin rashin gamsuwar yana buƙatar zama, zaman kuwa babu lokacinsa.

Akwai kuma wani shinge da ya fi yawan aiki wuyar tsallakewa, shi ne girmamawa. Tarbiyyarmu ba ta yarda ka kai wa malami abin da ka san bai nuna ba. Ɗalibi zai durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ga aikin," kuma a ransa dole aikin ya zama wanda ba zai ba shi kunya ba. Saboda haka yake riƙe shi wata shida yana gogewa shi kaɗai. Lokacin da Malam zai gani, ginin ya riga ya tashi a karkace tun daga tushe, kuma faɗa wa mutum ya rushe aikin wata shida ba ƙaramin abu ba ne, ga mai faɗa da wanda ake faɗa wa. Da wani ya ga shafi biyun farko a makon farko ya ce, "Ban gane abin da kake nema ka gano ba," da an huta. Abin da ɗalibin digiri na gaba ya fi rasa ke nan: mai karanta masa ɗanyen rubutu, wanda ba ya jin kunyarsa, wanda kuma ba shi ne zai ba shi maki ba.

Da yawa za su ce matsalar Turanci ce. Turancin yana da nasa laifin, za mu zo kansa. Amma wanda ke son ya gwada wannan zance, ya shiga ɗakin karatu na sashen harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, ko sashen harsunan Afirka a Zariya, inda ake rubuta kundin digiri na biyu da na uku da Hausa tsantsa. Ya ɗauko kundi goma ya buɗe babin bitar ayyukan da suka gabata. Zai tarar da kundaye masu kyau ƙwarai, zai kuma tarar da irin ciwon da ke cikin na Turanci, ba ragi. Wane a shekara kaza ya yi nazari a kan kaza, ya kasa aikinsa babi biyar, aikinsa yana da alaƙa da wannan bincike domin duka suna magana a kan waƙa. Wance a shekara kaza ita ma ta yi nazari. Haka har shafi talatin. Marubucin da harshen uwarsa yake rubutu, babu kalmar da ta gagare shi, amma babin ya zama aikin maroƙi a wurin biki: ya kira sunan duk wanda ya halarta, ya yi wa kowa kirari, ba wanda ya ji abin da suka tattauna ko inda suka saɓa. Mai karatu ya gama bai san me masana suka yarda da shi ba, me suke jayayya a kai, ina suka yi shiru, kuma a wane gefe marubucin yake tsaye.

Mutumin da ya fi kowa bayyana abin da ya ɓace a nan shi ne John Swales, Baturen Ingila da ya koyar da Turanci ga ɗaliban kimiyya a Libiya da Jami'ar Khartoum kafin ya koma Birmingham, daga baya Jami'ar Michigan a Amurka. Zamansa da ɗaliban da Turanci ba harshensu ba ne ya sa ya daina tambayar ko jimla daidai take, ya koma tambayar wane aiki jimlar take yi. A 1981 ya ɗauki gabatarwar maƙalu 48 daga fannoni daban-daban ya bi su jimla-jimla, ya ga cewa marubutan, ko sun sani ko ba su sani ba, taku iri ɗaya suke yi. A littafinsa na 1990 ya taƙaita takun zuwa uku. Da farko marubuci ya nuna fagen da muhimmancinsa da abin da aka riga aka sani. Sannan ya nuna gurbi: abin da ba a duba ba, ko aka duba ba a gamsar ba, ko masana suka saɓa a kai. Sannan ya shiga gurbin ya ce ga abin da ni zan yi.

A faɗe abin kamar wasa. Mu gwada shi. A ƙaddara ɗaliba ce a fannin tattalin arzikin noma, tana son yin aiki a kan tumatir a Kadawa, cikin filayen noman rani da ruwan dam ɗin Tiga ke shayarwa. Rubutunta na farko zai fara ne da cewa noma shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin Nijeriya, ya bi ta tarihin gano man fetur, ya kawo ma'anar noma daga bakin masana huɗu, sai a shafi na shida tumatir ya leƙo. Abokin karatu da ya san takun Swales tambaya uku zai yi mata. Me aka sani game da asarar tumatir bayan girbi? Ta ce an sani da yawa, an yi rubutu kan zafi, da kwandon da ake lodi a ciki, da nisan hanya zuwa kasuwannin Legas. To, me ba a sani ba? Nan za ta yi shiru. In ta koma ta sake karanta maƙalun da wannan tambayar a ranta, wataƙila ta lura cewa duk waɗanda ta karanta da manomi da direba suka yi magana, ba wanda ya zauna da dillali, alhali shi ne yake yanke ranar da za a yi lodi. In haka ta samu, ta samu gurbinta. Tambaya ta uku ta amsa kanta: za ta zauna da dillalai. Yanzu babin bita yana da aikin yi. Ba zai jera marubuta bisa shekara ba, zai tara su bisa abin da suka ɗora wa laifin asarar, ya nuna cewa duk sun tsallake mutum guda. Ma'anonin noma huɗun nan za su fita da kansu, ba sai an kore su ba.

A lura, abokin nan bai san komai game da tumatir ba. Bai gyara mata jimla ko ɗaya ba. Tambaya kawai ya yi, a lokacin da tambayar za ta yi amfani.

Jami'o'in da suka gane haka sun mayar da wannan abokin ma'aikaci, suka ba shi ɗaki. A Amurka ana kiran wurin cibiyar rubutu. Ɗaya daga cikin sanannunsu ita ce ta Jami'ar Purdue, wadda Muriel Harris ta kafa a 1976, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 take zuba darussanta kyauta a intanet. A 1984 wani malami mai suna Stephen North ya rubuta maƙalar da ta zama tamkar tsarin mulkin irin waɗannan cibiyoyi, inda ya yi ƙorafin cewa abokan aikinsa sun ɗauke su wurin wankin nahawu da ake tura raunanan ɗalibai. A ganinsa aikin cibiyar shi ne gyara marubucin, takardar da ya zo da ita sanadi ce kawai. Yadda ake zaman ya nuna hakan. Ɗalibi ya zo da shafukansa, mai ba da shawara, wanda sau da yawa shi ma ɗalibin digiri na uku ne da aka horar, ya zauna a gefensa. Biro yana hannun mai rubutun. A kan sa shi ya karanta da babbar murya, domin kunne yana kama abin da ido ya saba tsallakewa. In ya kai inda zancen ya cuɗe, a ce masa, "Ajiye takardar, faɗa mini da baki abin da kake nufi a nan." Abin da zai faɗa da baki kusan kullum ya fi na takardar fita, sai a ce, "To, rubuta wannan."

Kada a ce abin na masu kuɗi ne kawai. Jami'ar Cape Town ta buɗe tata cibiyar a 1994, shekarar da aka yi zaɓen da ya kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, lokacin da ɗaliban da suka taso da harsunan Xhosa da Zulu da Sotho suke shigowa da yawa jami'o'in da a da aka ware wa farar fata. Halin da suka shiga ya fi kusa da namu: yaro mai kaifin basira, daga makarantar da ba ta da ɗakin karatu, ana so ya yi muhawara da masana a harshen da ba da shi yake mafarki ba. A yau da wuya ka sami babbar jami'a a Afirka ta Kudu da ba ta da irin wannan ɗaki. Kuɗin da ake kashewa bai wuce ɗaki guda, da tebura, da ɗan alawus ga ɗalibai manya ba. In aka kwatanta da abin da ake zubawa a ƙofar shiga jami'a mai ado, ba a bakin komai yake ba.

Sai batun lokaci. Yawancin ɗalibanmu jira suke su sami hutu. Sai an yi dogon hutu, sai bayan azumi, sai an gama bikin ƙanwa. Robert Boice, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya shafe shekarun 1980 yana nazarin malaman jami'a da rubutu ya gagara. A wani gwaji ya kasa su gida uku. Gida na farko aka ce kada su yi rubutu sai wanda ya zama dole. Na biyu aka ce su rubuta duk sa'ad da suka ji abin ya zo musu. Na uku aka wajabta musu zama kullum, kuma kowa ya sa hannu a takardar cakin kuɗi da za a aika wa wata ƙungiya da ya tsana in ya gaza. Waɗanda aka tilasta sun rubuta fiye da ninki uku na masu jiran abin ya zo musu, kuma sababbin dabaru sun fi yawan faɗo musu. Mutanen da aka yi gwajin da su ba su da yawa, ya kamata a faɗa. Helen Sword ta Jami'ar Auckland ta yi hira da malamai 100 da suka yi fice a rubutu, ta tarar 'yan kaɗan ne cikinsu suke rubutu kowace rana. Ni abin da na ɗauka daga su biyun shi ne, ko kullum ne ko sau biyu a mako, dole lokacin ya zama yankakke, kuma wani ya san da shi. Cakin Boice ba komai ba ne illa idon wani a kanka.

A kan wannan ne aka gina zaman rubutu na taro. Rowena Murray a Sukotilan ta tsara shi dalla-dalla: mutane a ɗaki guda, a kashe intanet, kowa ya faɗa wa na kusa da shi abin da zai rubuta a sa'a mai zuwa, a yi shiru a rubuta, a tashi a sha shayi tare, a dawo. Jami'ar Melbourne a Ostireliya ta fara wani irinsa mai tsanani a 2012, inda ake tara ɗaliban digiri na uku da suka kusa gamawa, kwana uku, burin kowa kalma 20,000 na ɗanyen rubutu. Sharaɗin shi ne ba gogewa, ba komawa baya, ba tsayawa neman shekarar da aka buga littafi. A bar gurbi a wuce. A Afirka, shirin CARTA da aka ƙaddamar a 2008 ƙarƙashin jagorancin wata cibiyar bincike a Nairobi da Jami'ar Witwatersrand, wanda jami'o'in Ibadan da Ile-Ife suke ciki, yakan ɗauke ɗalibansa daga wuraren aikinsu sau huɗu a tsawon karatunsu, su yi makonni a wuri guda, kuma kaso mai tsoka na lokacin rubutu ne da karanta wa juna.

Wanda sashensa bai tanadi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba sai ya jira majalisar jami'a ba. Mutum huɗu sun isa. Aji guda da babu kowa ranar Asabar, daga ƙarfe takwas zuwa azahar, wayoyi a cikin jaka guda a bakin ƙofa. Sau ɗaya a wata, mutum biyu daga cikinsu su raba shafi biyar, kada su wuce biyar, sauran su karanta. Wurin da irin wannan ƙungiya ke mutuwa shi ne wurin faɗin ra'ayi. Ko dai kowa ya ce, "Ma sha Allah, aiki ya yi kyau," don kada a ɓata zumunci, ko kuma wani mai son a san ya iya Turanci ya kwashe sa'a yana farautar kurakuran nahawu. Maganin duka biyun shi ne a hana yabo, a hana gyara, a tsaya a kan rahoto. Mai karatu ya faɗi a jimla ɗaya abin da ya fahimci marubucin yana son ya ce. Ya nuna layin da ya fara ɓacewa. Ya faɗi abin da ya so ya ji bai ji ba. Marubucin kuma ya yi shiru ya rubuta, kada ya kare kansa, domin ranar da kundin zai isa hannun mai jarrabawa na waje ba ya nan balle ya yi bayani. In mutum uku suka karanta shafukanka suka kawo fahimta uku mabambanta, ba ka buƙatar farfesa ya gaya maka akwai gyara. Ga matan aure da fita ranar Asabar ke yi wa wuya, an ga ana yin irin wannan ta WhatsApp: a yi sallama da ƙarfe tara na dare, kowa ta faɗi abin da za ta rubuta, a dawo da ƙarfe goma a faɗi abin da aka samu.

Yanzu ga Turancin. Laifinsa na gaskiya shi ne yana ba mutum wurin ɓuya. Da Hausa da wuya ka yi minti biyu kana magana ba ka ce komai ba, wanda ke gabanka bai ce maka, "Wai me kake nufi?" ba. Da Turancin boko kuwa kana iya cika shafi da manyan kalmomin da ka tsinta a maƙalu, su yi ƙara mai daɗi, kai kanka ka ɗauka ka faɗi wani abu. Ɗalibin Yamai ko Damagaram da ke rubutu da Faransanci ya san irin wannan. Shi ya sa nake ba da shawarar mutum ya fara bayyana bincikensa da Hausa ga wanda bai yi boko mai zurfi ba, mahaifiyarsa ko maƙwabcinsa mai shago. Jami'ar Queensland ta mayar da irin wannan gasa tun 2008, ɗalibin digiri na uku ya bayyana kundinsa cikin minti uku ga mutanen da ba 'yan fanninsa ba, kuma gasar ta bazu a jami'o'in duniya. In Hajiya ta ce, "To, shi dillalin me ya sa ba a taɓa tambayarsa ba?" an zo wurin. Bayan nan sai a nemo wa tunanin rigar Turanci, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi sauƙin samun taimako. Jami'ar Manchester tana da rumbun jimlolin ilimi kyauta a intanet, wanda John Morley ya tattara, an kasa shi bisa aikin da jimla ke yi: yadda ake nuna gurbi, yadda ake saɓa wa masani cikin ladabi, yadda ake sassauta da'awa. Manhajar Zotero, ita ma kyauta, tana ɗauke wa mutum wahalar tsara manazarta, wadda ta sa ɗalibai da yawa kuka a makon ƙarshe.

Inda taimako na halal ya yi ƙaranci, na banza ne ke cike wurin. Kowa ya san shagunan buga takardu da ke kewaye da jami'o'i, ya kuma san cewa a wasunsu ba bugawa kaɗai ake yi ba. Ka kawo take, ka biya, ka dawo bayan mako uku. Ba mu kaɗai ba ne. Abin ya yi ƙamari a Ingila har aka haramta wannan sana'a da doka a 2022. Jami'o'i sun mayar da martani da manhajar Turnitin, wadda ke kwatanta rubutu da abin da ke rumbunta ta fitar da kaso na kamanceceniya. Manhajar jerin kalmomi take gani, ba ta san sata ba. Tana iya tuhumar wanda ya kawo zancen wani da cikakkiyar madogara, ta wanke wanda ya kwashe tunanin wani ɗungurungum ya sauya kalmomi. Da aka mayar da kason ya zama shi ne hukunci, sai ɗalibai suka koyi sabuwar sana'a ta musanya kalma da 'yar'uwarta har adadin ya sauko, rubutun kuma ya ƙara dagulewa. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, mai shagon ma ya shiga aljihun kowa.

To, ina iyakar? Gyara waƙafi taimako ne, rubuta maka babi cuta ce, amma tsakaninsu akwai fili mai faɗi, kuma ƙa'idar da na ga ta fi riƙe ruwa ita ce a duba wanda ya yanke shawara. In wani ya nuna maka cewa sakin layinka na uku ya saɓa wa na farko, kai kuma ka zauna ka zaɓi wanda za ka tsaya a kai, aikin naka ne. In shi ya zaɓa maka, mutum ne ko na'ura, to wannan wurin ba naka ba ne, kuma za a gane ranar kare kundi, domin wurin da ba kai ka yanke ba shi ne wurin da ba za ka iya amsa "me ya sa" ba. Ko an tsallake ranar, kundi ba ya ruɓewa a kan kanta. Karl-Theodor zu Guttenberg yana ministan tsaron Jamus, ana ganin shi ne shugaban gwamnati na gobe, Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na uku a Fabrairu 2011 saboda satar fasaha, ya yi murabus a farkon Maris. Bayan shekara biyu Jami'ar Düsseldorf ta ƙwace na Annette Schavan, ministar ilimi sukutum, a kan kundin da ta rubuta tun 1980.

Irin wannan tarko yana jiran ɗalibi a wurin buga maƙala, tunda jami'o'i da yawa ba sa barin a kare kundin digiri na uku sai an nuna an buga wani abu daga cikinsa. Akwai mujallun da kuɗinka kawai suke so. A 2013 ɗan jaridar kimiyya John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi mai cike da kurakuran da ɗan aji ɗaya zai gani, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Mujallar da ta amsa maka cikin kwana uku da taya murna da lambar asusun banki ba ta karanta aikinka ba. Ta ƙwarai za ta riƙe shi watanni, ta dawo da shi da shafi biyu na suka daga mutanen da ba ka san sunansu ba, kuma wannan sukan, duk da zafinsa, sau da yawa shi ne karatu mafi zurfi da aikin zai taɓa samu. Shirin AuthorAID da ƙungiyar INASP ta Oxford ta fara a 2007 an kafa shi ne don irin wannan mataki: haɗa matasan masu bincike na ƙasashe masu tasowa da gogaggun da za su karanta musu kafin su aika, tare da darussan rubutu kyauta.

Duk wannan bai cire Malam daga wurinsa ba. Shi ne ya san fagen, shi zai sa hannu, shi zai tsaya maka a gaban kwamiti. Abin da ya sauya shi ne abin da ake kai masa. Ɗalibin da abokansa suka riga suka tambaye shi me yake nufi, ya amsa, ya sake rubutawa, zai shiga ofis da shafi goma sha biyar maimakon tamanin, da 'yar takarda a sama mai layi huɗu: ga abin da nake son babin nan ya tabbatar, ga inda nake ganin ya tsaya da ƙafarsa, ga wuri biyu da nake shakka, shafi na 6 da na 11, ina roƙon Malam ya fara duba su. Malamin da aka ba irin wannan takarda ya san inda zai kashe sa'arsa guda. Yadda ake tafiyar da zaman kansa, da abin da ɗalibi zai yi in an haɗa shi da malamai biyu kuma suka ba shi umarni masu karo da juna, shi ne batun babi na gaba.